Idan Zuciya Ta Ce Ba Ki Iya Ba: Yadda Na Koyi Zayyana a Waya Ba Malami

Sitika 200 na karɓo ranar, a baƙar leda, kuma ban buɗe ba sai da na zauna a keke-napep a hanyar komawa gida daga Sabon Garin Zariya. Na kwalaben humra da turaren wuta ne da nake haɗawa ina sayarwa. Kwana huɗu na yi ina tsara su a wayata. A fuskar waya rubutun ruwan zinare ne a kan baƙi, yana ɗaukar ido. A takarda sai ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, ba ƙyalli ko kaɗan. Harafin Ƙ na kalmar "Ƙamshi" ya fito siriri, daban da 'yan'uwansa. Ƙananan rubutun ƙasa sun yi dishi-dishi. A fiye da rabinsu kuma wuƙar yanka ta cinye lambar ƙarshe ta wayata.

Ban nuna wa kowa ba. Na tura ledar ƙarƙashin gado, na goge manhajar daga wayar, na yi kusan wata biyu ban sake taɓa zayyana ba. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne: ke da ba ki taɓa zama ajin zane ba, a garin da Jami'ar Ahmadu Bello take da sashe guda inda ake shekaru ana karantar wannan fanni, me ya kai ki?

A 2020 ke nan, bayan kullen korona ya yi sauƙi. Yau zayyana, ko dizayin kamar yadda aka fi faɗa, ita ce rabin abin da nake samu. Da mata zan yi magana don su suka fi kawo min wannan kuka na "ban iya ba", amma namijin da ke koyo shi kaɗai zai ga kansa a ciki.

Ki sa wa kuskuren suna

Da na ciro ledar nan daga baya na baje sitikun a tabarma, sai na ga abin da ya faru da ni kurakurai huɗu ne, ƙirgaggu, kowanne da dalilinsa. Zuciyata ce ta tattara su ta yi musu dunƙule ɗaya ta kira shi "ba ki iya ba". Ita wannan magana ba ta da magani, domin ba inda za ki sa yatsa a kanta. Amma "Ƙ ya fito siriri" yana da magani.

Ga abin da na gano a kan kowanne. Waya da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, shi ne CMYK, kuma tawada ba ta ƙyalli. Yawancin zinaren da kika gani yana walƙiya a kwali, takardar foyil aka manna da wani inji daban, kuma kuɗinsa daban. Shi kuma Ƙ, salon haruffan da na zaɓa ba shi da harufanmu masu ƙugiya, sai waya ta aro daga wani salon ta cike gurbin. Wani lokacin ma akwati kawai za ki gani a wurin. Dishi-dishin, ni na jawo da na tura aikin ta WhatsApp a matsayin hoto, shi kuwa yana matse hoto ya rage masa inganci. A matsayin fayil ake turawa. Lambar da aka yanke kuma, na kai rubutu har bakin takarda ne, alhali ana tsawaita launin baya ya wuce layin yanka da milimita 3, a kuma ja rubutu ciki da aƙalla kamar haka.

Cikin huɗun nan babu wanda ya shafi baiwa. Sani ne kawai, irin wanda ake faɗa wa mutum a minti biyar.

Saboda haka abu na farko: ki sami ƙaramin littafi, irin na 'yan makaranta mai shafi 40 ya isa. Duk lokacin da kika gama aiki kika ji ranki bai kwanta ba, kar ki rufe wayar sai kin rubuta abin da bai yi miki ba, da kalmomin da za ki iya nunawa da yatsa. "Bai yi kyau ba" ba ta shiga littafin. "Sunan kaya da lambar waya girmansu ɗaya, ido bai san wanda zai fara karantawa ba" ita ce ke shiga. A ƙasa ki rubuta abu ɗaya da za ki gwada gobe. In kin rasa abin rubutawa, ki miƙa hannu ki nisanta wayar, ki ɗan runtse ido. Me kika fara gani? In fulawar kusurwa ce ta fara shigo miki ido ba sunan kayan ba, kin sami laifin. Ki ƙirga salon haruffa. In sun wuce biyu, kin sami wani. Ki duba ko layukan rubutun daga gefe ɗaya suke tasowa ko kowanne inda ya ga dama. Ki mai da aikin baƙi da fari ki ga ko rubutun yana karantuwa. Yawancin abin da ke damun sabon hannu a cikin waɗannan yake, sai kuma cunkoso: tsoron barin fili, a cika kowane lungu da tauraro da ganye.

Idonki ya riga hannunki

Akwai dalilin da ya sa aikinki yake ba ki haushi, kuma ina so ki fahimce shi da kyau don shi ya fi kwantar min da hankali. Kin shekara ashirin ko talatin kina kallon abu mai kyau: atamfa, zanen lalle, aikin wuyan riga, kwalin turare, katin biki. Idonki ya daɗe da girma. Hannunki kuwa watansa biyu da haihuwa. Dole ido ya riƙa ganin gazawar hannu. Haka yarinya take sanin miyar da ta yi daɗi tun kafin ta iya soya manja. Harshe ne ya riga hannu, kuma harshen ne zai riƙa gyara mata har ta iya. Wadda ta yi aiki cunkushe ta kalla ta ce ya yi, ita ce tafiyarta ke da nisa. Ke da kike ganin aibin, abin gyaran yana hannunki.

Kuma kar ki ɗauka wannan muryar mai cewa "ba ki iya ba" ta marasa takardar shaida ce kawai. A 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun wallafa abin da suka gani a wurin mata sama da 150 masu manyan digiri da matsayi: da yawansu suna ji a ransu cewa sa'a ce ta kai su, kuma wata rana asirinsu zai tonu. Da na san haka sai na daina jiran ranar da muryar za ta yi shiru kafin in ci gaba. Har yau takan zo min, musamman in sabon nau'in aiki ne.

Taura biyu

A watannin farko ina da manhajojin zayyana biyu a waya, PixelLab da Canva, ina kuma kallon darasin na kwamfuta, CorelDRAW da Photoshop, a YouTube, alhali ko kwamfuta ba ni da ita. Datar dare nake saya in yi ta saukar da bidiyo. Kowane bidiyo sai ya nuna min wani abin da ban sani ba, in kwanta ina jin na fi jiya rashin sani. Kallon ya zama maɓoya: ina jin ina koyo, amma ba na yin abin da za a iya kushewa.

Ki ɗauki manhaja ɗaya da nau'in aiki ɗaya, ki zauna a kansu kwana 30. Ni na ɗauki PixelLab da sitikar kwalba. Ke kina iya ɗaukar Canva da katin gayyatar biki, ko sanarwar walima, ko tallan kaya na saka wa a WhatsApp. Bidiyo ɗaya, aiki ɗaya. Ba ki kallon na biyu sai kin yi abin da na farko ya nuna da hannunki. Minti 40 bayan yara sun kwanta ya fi awa biyar ranar Asabar sau ɗaya a wata. Idan kin yi sitika 20, ta 21 ba za ta ba ki tsoro ba, don kin san inda matsala ke fitowa.

Tun ranar farko ki warware zancen haruffa, tunda da Hausa za ki yi yawancin aikinki. Kafin ki so wani salo, ki rubuta "ƙamshi, ɗanɗano, ɓawo" da shi, manya da ƙanana, ki duba da kyau. In kina da masu saye a Maraɗi ko Damagaram ki ƙara ƴ. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka, haka Andika da Charis, kuma kyauta ne. Yana min ciwo in ga katin biki an rubuta "daurin aure", a yankin da ake buga Hausa da inji tun zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a nan Zariya a 1939.

Kwaikwayo, kamar a makarantar allo

Na daɗe ina jin kunyar kwaikwayo, ina ganin mai basira daga kansa yake ƙirƙira. Sai na tuna yadda muka koyi rubutu a allo. Malam ya rubuta, ki bi sawu, ki wanke, ki sake. Ita kanta kalmar zayyana ai a can muka fara jin ta, a allon da ake ƙawatawa don saukar karatu, kuma mai yin sa a gaban wani ya zauna yana kallo kafin a ba shi alƙalami.

Ki ɗauki kwalin shayi ko na sabulu da ya burge ki. Ki auna shi da rula. Ki sake gina shi a wayarki daidai yadda yake: girman suna, tazarar layi, faɗin filin da aka bari a gefe. A nan za ki gane abubuwan da kallo ba ya nunawa. Ni a kwalin wani man shafawa na gano cewa kusan rabin fuskarsa ba komai a kai, kuma wannan filin ne ya sa yake kama da mai tsada. Wannan aikin na koyo ne, a wayarki zai tsaya. Ba ki sayar da shi, ba ki yaɗa shi da sunan naki.

Sannan ki ɗaga kai daga waya ki kalli na gida. Ki tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Zazzau ki ga yadda aka jera launuka masu ƙarfi ba su yi faɗa da juna ba. Ki karɓi babbar rigar maigida ki shimfiɗa, ki kalli aska takwas ko aska biyu: aikin ya taru a ƙirji da gefe ɗaya, sauran yadin an bar shi ya sha iska. Ki kalli dagi, yadda layi ɗaya ke shiga yana fita bai yanke ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, a hannun magina ya tashi, kuma har yau masana gine-gine suna zuwa nazarin aikinsa. Ba ina rage darajar karatun jami'a ba ne. Wanda ya samu ya sami gajeriyar hanya da masu gyara masa. Ina nufin koyo ta kallo da maimaici tsohuwar hanya ce a wurinmu, ba ta ɓarauniya ba. Sitikar da aka fi yaba min har yau, gefenta daga bakin wata hula na ɗauko tsarinsa.

Wa za ki nuna wa

Nan ne mutane da yawa suke karyewa. In kin nuna wa 'yan gida za su ce "Masha Allah, ya yi kyau", ki ji daɗi na minti ɗaya, sannan zuciya ta ce don suna son ki ne. In kin jefa shi cikin taron da ba a san ki ba, wani ya yi miki kalma ɗaya mai zafi ki kwana da ita. Duka biyun ba su ba ki abin rubutawa a littafi ba.

Ki daina tambayar "ya yi kyau?". Ki yi tambayar da ke da amsa. Ni goggona nake kai wa, wadda idonta ya fara rauni. In miƙa mata kwalba in ce, "Goggo, me ake sayarwa a nan?" In ta juya ta, ta kai ta kusa da fuska, ta ce, "'Yar nan, wannan rubutun ai sai mai tabarau," to na san abin gyara. In ta karanta nan take ta kuma nuna min lambar waya, aikin ya yi abin da aka yi shi dominsa.

Babban malamina kuwa mai injin bugu ne. Da na koma bugu na biyu, wani shagon na je, na cire kunya na zaro ɗaya daga tsofaffin sitikun na ajiye masa a tebur. Na ce, "Malam, don Allah me ya sa wannan ya fito haka?" Ya ɗaga ta ya kalla, ya ce, "Hajiya, wa ya yi miki aikin?" Na ce ni ce. Ya ce, "A waya?" Na ce e. Sai ya jawo min kujera, ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, ya ƙara girmansa har rubutun ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Ya ce, "Kin gani? Inji yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ki faɗa min girman kwalbar, in faɗa miki girman da za ki buɗe." Sitikar santimita 10 a 5 ce, ya rubuta min ɗigo 1181 a 591 a bayan rasit, ya ce in ƙara na rarar gefe. Rasit ɗin yana manne a bangon littafina. Masu inji suna ganin kuskuren mutane ɗari a mako, kuma in kin je lokacin da ba layi, kin yi gaisuwa, kin tambaya da ladabi, yawancinsu za su nuna miki.

Daga ranar ban sake buga 200 kai tsaye ba. Ina buga guda a takardar A4, in yanka da almakashi, in manna a kwalbar, in ajiye ta kwana biyu. A haka na gano man turare yana cin tawada in ba a shafe sitikar da leda ba. Wannan gwajin na kuɗi kaɗan ya cire min fargabar da ke hana ni barci daren da zan karɓo aiki.

Game da kallon aikin wasu a Instagram: ki sani abin da kike gani zaɓaɓɓe ne daga cikin da yawa, kuma sau da yawa an ɗora shi ne a kan hoton kwalba ko kwali na samfuri mai haske da inuwa, ba a ma buga shi ba. Ki kalla don ki koya, ki zaɓi aiki ɗaya ki warware yadda aka gina shi. In kin ji kallon ya koma auna kai, ki fita. Ma'aunin da na yarda da shi foldar da nake tara aikina ce wata-wata, ba na goge komai ko ya muni. Ranar da muryar ta matsa min, nakan buɗe ta watan farko in ajiye kusa da ta jiya.

Kuɗi, da lokacin da shakka take da gaskiya

Shakka tana da wata fuska da ba a cika ganewa ba: aikin kyauta. Na yi wa mutane katin suna da na walima fiye da 15 ban karɓi ko sisi ba, ina cewa ai koyo nake. Gaskiyar ita ce tsoro nake in karɓi kuɗi a ce aikin bai kai ba. Ƙanwar maigidana ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Anti, wadda kika yi wa katin nan ta biya mai bugu, ta biya mai abinci, ta biya mai lalle. Ke kaɗai ce ba a biya ba." Ki yi na kyauta uku ko biyar don ki sami abin nunawa, daga nan ki sa farashi ko kaɗan ne. Ki faɗe shi kafin ki fara, ki karɓi rabi, ki ce gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Kuma kafin a kai bugu ki tura wa mai aikin ya karanta suna da rana da lamba da kansa, ya rubuto miki cewa ya amince. In ya ce a canza launi, launi yake nufi. Kar ki fassara shi da cewa ya raina ki.

Amma ba kowace shakka ake turewa ba. Wata makarantar Islamiyya ta taɓa neman in tsara mata littafin bikin sauka mai shafi 32, cikin mako ɗaya, da Larabci a ciki. Na ji tsoro, kuma da na zauna na rubuta dalilan tsoron a littafi sai na ga duk na gaske ne: manhajar wayata ba ta jera shafuka, ban san yadda ake tsara su don ninkewa ba, kuskure a rubutun Larabci kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Na ce musu ban kai nan ba tukuna, na haɗa su da wanda ya iya, na roƙi ya bar ni in zauna kusa ina kallo. Ga yadda nake bambancewa: in na rubuta dalilin ya fito da sunan abin da ban sani ba, to gaskiya ce, sai in koya ko in miƙa wa wani. In na rubuta ya fito "za a yi min dariya" ko "wasu sun fi ni", sai in karɓi aikin.

Bara na sayi tsohuwar kwamfuta na fara CorelDRAW, tunda shi masu bugu a nan suka fi aiki da shi. Na koma sabuwa fil. Alƙalamin zana lanƙwasa yana ƙin bin hannuna, kuma muryar nan ta dawo da irin maganarta ta 2020. Littafina na huɗu nake ciki yanzu. Abin da na rubuta daren jiya shi ne: "Dagin ya karkace a kusurwar hagu ta sama, ɗigon da na sa a layin sun yi yawa. Gobe in zana kwata ɗaya da ɗigo huɗu, in juya shi sau uku."